Yarona yana fahimtar komai amma maganar ta ƙi fita: me zan yi masa a gida?

Hadiza, unguwar Zariya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, amma yau damuwa ta kawo ni. Ina da yaro namiji mai shekara 3 da wata 8, sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa muke kiransa Abba. Babu abin da za a faɗa masa bai gane ba. Idan na ce ya shiga ɗaki ya ɗauko mini buta da tabarmar salla zai kawo duka biyun, kuma idan babur ɗin babansa ya shigo layi shi ne farkon wanda zai ruga ƙofa. Sai dai kalmomin da yake faɗa, waɗanda ni kaina nake ganewa, ba su kai goma sha biyar ba, su ɗin ma ba kullum suke fita iri ɗaya ba. Ruwa, yau zai ce "uwa", gobe "wawa", jibi "aba". Abin da ya fi ba ni tausayi ya faru ne wani dare da babansa ya shigo da tsire. Yaron ya daka tsalle ya ce "Baba" tsaf kamar kowane yaro, amma da muka yi murna muka ce ya sake faɗa, sai ya buɗe baki yana juya leɓɓansa kamar mai lalube a cikin duhu, har hawaye suka cika masa ido bai iya ba.

Wata biyu da suka wuce mun je Yamai, aka auna jinsa aka ce lafiya lau. Wata ƙwararriyar gyaran magana, wadda ake kira ortofonis, ta gan shi sau uku, ta ce alamunsa sun fi kama da abin da ake kira dispiraksi ta magana, kuma yana buƙatar a riƙa zama da shi sau uku ko fiye a mako. Daga nan Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, maigida ɗan kasuwa ne, ni kuma ina da goyo, don haka muka dawo gida. Yanzu Inna, mahaifiyar maigida, ta dage sai an kira wanzami ya yanke masa linzami. Ina roƙon a faɗa mini abin da zan iya yi masa da kaina, da kuma yadda zan ɓullo wa maganar wanzamin ba tare da na ɓata wa surukata rai ba.

Hajiya Mariyama, Bagalam

Wa alaikumus salam ƴata. Ki kwantar da hankalinki, yara maza dama bakinsu yana da nauyi. Ɗana na uku sai da ya shekara huɗu kafin ya haɗa magana, har an fara kiransa bebe a bayan idona, yau ga shi can yana sayar da atamfa a babbar kasuwa, idan ya fara ciniki sai kin roƙe shi ya yi shiru. A zamaninmu ba mu san wata dispiraksi ba. Shi ma wanzami ya taɓa masa linzami, kuma ban ga abin da ya same shi ba. Surukarki ta haifa ta raina kafin a haife ki, ba za ta nufi jikanta da sharri ba, saboda haka ni dai ban ga dalilin da zai sa ki ja da ita a kan wannan ba.

Majo Lawali, Tibiri

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ban isa in musa abin da kika gani da idonki ba, amma ki yi mini uzuri in rarrabe abubuwa biyu, domin na yi shekaru masu yawa ina aikin jinya a karkara kafin in yi ritaya. Akwai yaron da makara kawai ya yi. Irin wannan idan ya fara, kuskurensa guda ne kullum: idan "tuyo" yake kiran tuwo, "tuyo" zai ta cewa har ranar da bakinsa ya gyaru. Abin da Hadiza ta kwatanta daban ne, kalma ɗaya tana fita kala uku, kuma wadda ya faɗa ɗazu cikin murna ta gagare shi da aka ce ya maimaita.

Game da linzami, ƴar fatar nan ce da ta haɗa ƙasan harshe da ƙasan baki. Idan ta yi gajarta ƙwarai yawanci ana lura tun yaro yana jinjiri, domin takan wahalar da shi wajen kama nono, kuma harshen ba ya iya leƙowa ya wuce leɓe. Hadiza, ki ɗiga masa zuma a leɓen sama ki gani ko zai lashe. Sannan ina so kowa ya faɗi "Baba" yanzu ya lura da bakinsa: leɓɓa ne suke haɗuwa su rabu, harshe yana kwance ba ya aikin komai. Yaron da "Baba" ta gagare shi, ba harshensa ne a ɗaure ba, kuma aska ba za ta kwance abin da ba a ɗaure yake ba. A ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini. Na sha karɓar yaran da aka kawo jini ya ƙi tsayawa ko wurin ya kumbura ya yi mugunya, ban da haɗarin tetanos da ciwon hanta idan askar ta bi jikin wani. Duk wanda yake shakkar linzami ya kai yaron likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya duba.

Na yaba da kuka fara da awon ji. Ga sauran iyaye, yankinmu yankin sanƙarau ne, kuma sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da ruwa duk suna iya rage ji. Yaro yana iya jin ƙarar babur amma bai jin ƙananan sautukan magana sosai, don haka waiwayowa idan an kira shi ba ta wadatar ba.

Hajiya Mariyama, Bagalam

To Majo, na faɗi "Baba" ɗin har sau uku ni kaɗai a ɗaki, kuma gaskiyarka, harshen bai motsa ba. Amma har yanzu ban gane ba: yaro yana da ji, yana da hankali, harshensa a sake, to mene ne ya riƙe maganar?

Nafisa

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Maradi ce, na yi karatun gyaran magana a Lome ta ƙasar Togo, kuma shi ne aikina. Yaya Hadiza, ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma abin da kika kwatanta ya dace da abin da aka gaya miki a Yamai. Masu Faransanci suna cewa dispiraksi, masu Ingilishi suna cewa apiraksiya, abu ɗaya ne.

Inna Hajiya, ga amsar tambayarki. Naman leɓe da harshe da muƙamuƙi lafiyarsu ƙalau, shi ya sa yaron yake tauna tsire ba wahala, kuma ya san kalmar da yake son faɗa. Abin da yake gagara shi ne ƙwaƙwalwa ta tsara jerin motsin: wane ne zai fara, wane zai biyo, da wane sauri. Ki ɗauki yarinyar da take da ƙarfi, ga turmi ga taɓarya, ta kuma san amon lugude a kunnenta, amma duk sanda ta shiga sai taɓaryarta ta sauka ba a kan lokaci ba. Ba a gyara wannan da faɗa ko da ƙarin abinci, sai da maimaita dakan kansa a hankali har hannu ya saba.

A shekarar 2007 ƙungiyar masana magana da ji ta Amurka, ASHA, ta bayyana alamomi uku da aka fi dogara da su: kuskuren da yake canzawa idan an maimaita kalma ɗaya, wahalar wucewa daga sauti zuwa sauti ko daga gaɓa zuwa gaɓa, da karin murya da ba ya faɗawa daidai. Ana ƙiyasta yaro ɗaya zuwa biyu ne cikin dubu, kuma maza sun fi yawa. Galibi ba a gano musabbabi, amma wani lokaci gado ne. A 2001 masana a Ingila sun gano canji a wata ƙwayar gado mai suna FOXP2 a wani dangi da kusan rabinsu suke da wannan matsala, daga kaka har jikoki. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗora wa uwa laifi cewa ba ta yi wa ɗanta hira ba.

Yanzu aikin gida. Kada ki ɗauki kalma ashirin, ki zaɓi biyar waɗanda yake buƙata kowace rana kuma suke da sautukan da ya riga ya iya, kamar "Baba", "Inna", "a'a", "ba ni", da sunansa "Abba". Ki ajiye "ruwa" tukuna, haka nan masu ƙ da ts da ɗ. Ki zauna a tabarma yadda fuskarki za ta yi daidai da tasa, a kashe rediyo, ki ce masa ya kalli bakinki. Ku faɗi kalmar tare a lokaci guda, a hankali, kina jan wasalin, amma kada ki yayyanka ta, domin haɗin tsakanin sautukan shi ne ainihin abin da yake koyo. Idan ya fara samu, sai ki janye muryarki ki bar bakinki yana motsi tare da nasa. Bayan haka ki faɗa ya maimaita nan take, sannan ki faɗa ki sa ya jira daƙiƙa biyu ko uku, daga ƙarshe ki yi masa tambayar da amsarta ita ce kalmar. Duk inda ya kasa, ki koma matakin baya ba tare da nuna ɓacin rai ba. Wannan tsari na samo shi ne daga hanyar da ake kira DTTC, wadda Edythe Strand ta asibitin Mayo a Amurka ta tsara. Cikakkiyar hanyar aikin ƙwararre ce, amma wannan gwargwadon uwa tana iya riƙewa. Minti biyar sau biyu ko uku a yini ya fi sa'a guda ranar Lahadi.

Abu ɗaya da takardun Turawa ba za su gaya miki ba: a Hausa tsawon wasali da karin sauti suna canza ma'ana. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, jan wasali ne ya raba su. Saboda haka idan kin ja kalma don koyarwa, ki dawo da ita yadda ake faɗarta da zarar ya kama, kuma ki riƙa sauya murya, wani lokaci kira, wani lokaci tambaya, don kada ya haddace ta da amo guda kamar karatun aku.

Alhaji Sani, Sabon Gari

Malama Nafisa, Allah ya saka da alheri. Ni uba ne ga yarinya mai irin wannan lalura, yanzu shekararta 7, kuma zan fara da kuskurena domin kada ƙanwata Hadiza ta maimaita shi. Wani aboki ya ba ni shawara cewa gata ne ya yi mata yawa, in daina ba ta abu sai ta faɗi sunansa. Wata rana da rana tsaka na riƙe kwanon hura a sama na ce sai ta ce "hura". Ta gwada sau huɗu, kowane da irin fitarsa, ina cewa ba haka ba ne. Daga nan ta sauke hannunta ta koma bayan randa ta zauna, kuma kusan mako guda ko kalmomin da ta iya ba ta sake faɗa a gabana ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunyar kaina.

Abin da ya yi mana aiki kusan shi ne abin da Malama ta faɗa. Bayan sallar Magariba nakan zauna da ita da gwangwanin madara da ƙwayar gyaɗa ashirin. Duk gwaji ɗaya, ko ya fita daidai ko bai fita ba, sai ta jefa gyaɗa ɗaya a gwangwani ta ji ƙararta. Idan gyaɗar ta ƙare aiki ya ƙare, ko da ina ganin saura kaɗan ta samu, sai mu cinye tare. Uwarta kuma tana yin irinsa da hantsi idan yara sun tafi lakwal, wato makarantar boko. Kalmar da ta fara canza mana gida ita ce "a'a". Kafin ta iya ta, idan ba ta son abu sai kuka da birgima da cizo. Ranar da ta iya kallon yayanta ta ce masa "a'a" lokacin da zai karɓe mata takalmi, rabin rigimar gidan ta mutu.

Sunanta Zainabu, gaɓa uku, ya gagare ta, sai muka tsaya a kan Abu, wanda dama haka ake kiran masu sunan. Sai da muka shafe kusan wata takwas kafin ta haɗa cikakken sunan. Ina faɗin haka ne don a san ba abin mako biyu ba ne. Kuma ba mu yanke hulɗa da ortofonis ɗin da ta gan ta ba: kowane wata nakan ɗauki bidiyon minti biyu in tura mata ta WhatsApp, ta ce a cire wannan kalma a sa waccan, in biya ta abin da muka yi yarjejeniya. Sau biyu a shekara mukan je ta gan ta ido da ido. Yanzu tana aji biyu, baƙo yana gane mafi yawan maganarta, amma idan ta gaji ko kalma ta yi tsawo har yanzu takan watse mata.

Mushe Isufu, Ali Ɗan Sofo

Na amfana da wannan bayani, amma ina da ja a wuri ɗaya da kuma tambaya. Na ji ana ba iyayen irin waɗannan yara shawara su koya musu nuni da hannu ko su yi musu allon hotuna. A matsayina na malamin lakwal, abin da na sani shi ne yaro yana bin hanya mafi sauƙi. Idan nuni yana kawo masa ruwa, me zai sa ya wahalar da bakinsa? Ina tsoron a mayar da yaro mai ji kamar kurma da hannunmu. Tambayata kuma ita ce harshe. Yaron nan nan da shekara biyu ko uku zai shiga aji ya tarar da Faransanci. Shin ba gara a fara masa da kalmomin da zai buƙata a can ba, ko kuwa haɗa harsuna biyu zai ƙara rikita shi? Wani abokin aikina ma ya ce a sayo masa usur da balan-balan ya riƙa hurawa don bakin ya yi ƙarfi.

Nafisa

Mushe, tsoronka shi ne tsoron kusan kowane uba da na zauna da shi, amma binciken da aka yi a kan yara masu amfani da alamu da hotuna bai nuna cewa suna hana magana ba, a yawancin lokuta ma maganar ƙaruwa take yi. Dalilin a fili yake: magana ta fi nuni sauri da sauƙi ga duk wanda ya iya ta, kuma yaro yakan yar da alamar da kansa ranar da kalmar ta zauna. Hujjarka tana aiki ne ga yaron da zai iya amma ya ƙi. Wannan yaron so yake ya kasa, kuma labarin kwanon hurar Alhaji ya nuna abin da yake faruwa idan aka toshe masa kowace ƙofa. Sharaɗin kawai shi ne duk lokacin da ya yi alama, babba ya faɗi kalmar a fili yana kallonsa, sannan ya ba shi abin. A lokacin gwaji ake neman kalma, lokacin ƙishirwa kuwa ruwa ake bayarwa.

Harsuna biyu ba sa haddasa wannan matsala, kuma babu dalilin hana yaro jin Faransanci ko Larabci. Amma kalmomin gwaji a ɗauke su daga harshen da zai kira uwarsa da shi ya nemi abinci, wato Hausa, domin kalmar da ake amfani da ita sau talatin a yini ita take zama. Hausa ma ta yi mana rangwame a nan, tunda yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, ba ta fara kalma da cunkoson baƙaƙe kamar yadda Faransanci yake yi. Inda nake neman taimakonku malamai shi ne karatu: yara masu wannan matsala sun fi sauran haɗarin samun wahala wajen haɗa harafi da sauti, don haka yana da kyau malamin aji ya sani tun ranar farko, kada ya tsayar da yaron gaban aji ya ce sai ya karanta da ƙarfi.

Usur da balan-balan wasa ne mai kyau, amma ba sa gyara magana. Bakin ba rauni gare shi ba, kuma tsarin motsin hura iska daban yake da na furta kalma. Wanda yake son ya iya lugude, daka zai yi.

Ƙarin gargaɗi ga kowa: idan yaro ya rasa kalmomin da ya riga ya iya, ko yana suma ko farfaɗiya, ko ba ya kallon mutane ba ya wasa da yara, ko abinci yana sarƙe shi, wannan ba na gwajin gida ba ne, a kai shi likita.

Hadiza, unguwar Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na gwada zumar, ya lashe har kusa da hancinsa. Akwai abin da ban faɗa ba saboda nauyi: Abba ɗan fari ne. A gidanmu na gandu muke, ɗakin Inna yana kallon nawa. Ko sunansa na gaskiya ba na kira, balle in zauna a tsakar gida in sa fuskata a tasa ina ta "Baba, Baba" a gaban surukai da matan ƴan'uwan maigida. Za a ce ba ni da kunya. Idan kuma na ja shi ɗaki na rufe ƙofa, za a ce ina ɓoye wani abu.

Hajiya Mariyama, Bagalam

To a nan ne ku masu karatu za ku saurare ni. Ƴata, kada ki je wa surukarki da maganar cewa wanzami bai iya ba ko likita ya hana, domin daga ranar kin sayi gaba. Ki bar maigidanki ya same ta shi kaɗai bayan Isha'i, ya ce an duba linzamin lafiya lau, kuma malamar asibiti ta ce maganin yaron shi ne babba mai haƙuri ya zauna da shi kullum, su kuma sun duba gidan kaf ba su ga wanda ya kai ta ba. Tsakanin kaka da jika babu kunya, wasa ne. Ai mijinta ne, ga shi kuma sunan mai gidanta yake ɗauke da shi. Ita za ta iya zama a tsakar gida ta buɗe baki ta yi masa duk abin da Nafisa ta ce, babu mai ɗaga mata gira. Ke kuma ki yi naki da hantsi a ɗaki a bar ƙofa a buɗe. Tsohuwa idan aka ba ta aiki a hannu takan manta da aska. Na sani domin ni ma tsohuwar ce.

Malam Habu, Mokoyo

Hajiya ta yi magana. Ni mai makarantar allo ne, kuma ina da irin wannan yaro guda a cikin almajiraina na unguwa. Na lura idan yara suna biya karatu tare da murya ɗaya bakinsa yakan bi su, har wasu kalmomin su fita, amma idan na ce ya biya shi kaɗai sai ya tsaya cak. Da farko na ɗauka taurin kai ne, yanzu na gane, kuma na hana kowa ɗaga masa bulala ko yi masa dariya. Game da addu'a, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangiji ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Iyaye su lazimce ta, su kuma yi aikin da aka koya musu, ɗaya ba ya hana ɗaya. Malama Nafisa, shin karatun taro yana amfanarsa ko ɓata lokaci ne?

Nafisa

Allah ya gafarta Malam, abin da ka lura da shi daidai ne, kuma shi ne matakin farko da na kwatanta, wato faɗa tare. Muryar wasu tana zame masa jagora. Ya ci gaba da zama cikin yara, yana amfana da zumunci da sabon kunne. Sai dai a taro saurin ya fi ƙarfinsa kuma ba ya ganin bakin kowa, don haka idan za ka iya ware masa minti uku ka zaunar da shi gabanka, ku ja kalma biyu ko uku tare a hankali yana kallon bakinka, zai fi samun abin riƙewa. Kada a auna ƙoƙarinsa da yawan abin da ya biya, kuma haruffan maƙogwaro a jinkirta masa su.

Hadiza, unguwar Zariya

Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan mako uku. An bi shawarar Hajiya, kuma Inna ta karɓi aikin fiye da yadda muka zata. Ba ta yarda da gyaɗa ba, ta ce za ta sarƙe shi, sai ta kawo ƴaƴan dabino da ta tara da ƙaramar ƙwarya. Kullum bayan La'asar takan shimfiɗa buzunta ta ce "maigida, zo mu yi karatu". Maganar wanzami ba ta sake tasowa ba, ko da yake ba ta ce ta janye ba. "A'a" ta zauna, har ya fara yi wa Innar kanta. "Baba" tana fita idan muka faɗa tare, kuma jiya ya maimaita ta bayana sau shida cikin goma, amma idan aka tambaye shi wane ne ya shigo har yanzu laluben yake yi. "Ba ni" ta ƙi sam, yana cewa "ba ba" ko "ni ni". Na tura bidiyo Yamai ina jiran amsa. Kafin nan, in cire "ba ni" ɗin ne ko in ci gaba?

Nafisa

Kada ki cire ta tukuna, Yaya Hadiza. Abin da yake ba shi wahala shi ne tashi daga leɓe zuwa kan harshe tare da sauya wasali a tafiya ɗaya. Ki koma faɗa tare, ki ja "baaa" ɗin ba tare da kin yanke numfashi ba har ki zarce cikin "ni", kina nuna leɓenki da yatsa a farko sannan ki buɗe baki ya ga harshenki ya taɓa bayan haƙoran sama. Ku yi ta a farkon zama lokacin da bai gaji ba, gwaji biyar kawai, sannan ku koma kan "a'a" da ya iya. Idan mako biyu suka wuce babu motsi, ko wadda ta gan shi a Yamai ta ce a sauya, sai a ajiye ta a ɗauki "nono" ko "mama". Ki kuma gaya wa Inna ta riƙa ƙirga ƴaƴan dabinon kafin zama da bayansa, saboda mai rarrafen da ke gidan.